Rabin makin da na zubar da hannuna: yadda ake neman canjaras a wasan ches

1/
Jama'a, yau zan ba ku labarin ranar da na jawo wa ƙungiyar makarantarmu asara saboda ban san yadda ake neman canjaras a wasan ches ba. Wasan na iya shi daidai gwargwado, dokar ce ban taɓa buɗewa na karanta ba. Zaren yana da ɗan tsawo, amma in kana buga ches ko da a waya ne, ka daure ka kai ƙarshe. 🧵

2/
Ga sunayen da muke kiran 'ya'yan wasan a ƙungiyarmu, don kada na ɓatar da wani a hanya: sarki, sarauniya, ruk (mai kama da hasumiya), bishop (mai tafiya a karkace), doki, sai sojoji takwas na gaba. Wanda ya ci yana da maki 1, canjaras rabin maki, wanda aka cinye sifili. A kan wannan rabin makin labarin yake.

3/
Ni a waya na koyi ches, lokacin dogon yajin aikin malaman jami'a na 2022. Wata takwas muna zaune a gida, ba karatu ba sana'a, sai neman data da wurin caji. Na buga wasannin da ban san adadinsu ba. Da aka koma makaranta har na fara jin kaina, ina ganin ba wanda zai gaya mini wani sabon abu.

4/
Matsalar waya ita ce komai ita take yi maka. A Chess.com da zarar zubin allo ya maimaitu sau uku, manhajar da kanta za ta tsayar da wasan ta rubuta canjaras. A Lichess akwai wurin da za ka saita ta riƙa nema maka kai tsaye. Ba ka ƙirga komai, ba ka rubuta komai, ba ka kiran kowa. Haka na saba.

5/
Bara aka yi gasar jami'o'i ta shiyyarmu. Kowace makaranta mutum huɗu, allo huɗu. Ni ne a allo na uku. Kowa awa ɗaya a agogo, kuma duk takun da ka yi za a ƙara maka sakan 30. Dole ka riƙa rubuta kowane taku a takarda, naka da na abokin karawarka. Wannan ce gasata ta farko a kan allon gaske.

6/
Kyaftin ɗinmu yana ajin ƙarshe a lokacin. Shi ya farfaɗo da ƙungiyar bayan ta mutu, da kuɗin aljihunsa ya sayi alluna biyu, agogo kuwa aro muka yi. Shekara uku yana son ya kai mu zagaye na gaba, bai samu ba. Wannan ce damarsa ta ƙarshe, kuma duk mun san haka.

7/
Zagayen ƙarshe, lissafi ya nuna in muka tashi 2–2 da makarantar da muke karawa da ita, mun wuce. Kyaftin ya ci nasa. Na allo na biyu ya yi canjaras. Na huɗu an cinye shi. Ya zama ɗaya da rabi, ɗaya da rabi. Saura ni kaɗai a zauren. Rabin maki kawai ake nema a wurina.

8/
Ni ke da baƙi. Mun kai ƙarshen wasa: shi ruk da soja biyu, ni ruk da soja ɗaya, duk sojojin a gefe guda. Masu wasa sun san irin wannan yawanci canjaras ne in mai karewa bai yi kuskure ba. Shi ma ya sani. Sai ya shiga kai da kawo da ruk ɗinsa yana tara sakan 30-30, yana jiran na zame.

9/
Ina lura, zubin allo ɗaya ya bayyana sau biyu. Na duba da kyau, in na mayar da sarkina gidan da ya baro, zai zama na uku. Zuciyata ta fara bugawa. Na ɗauki sarkin, na ajiye, na danna agogo, na ɗaga hannu da ƙarfi: "Yallaɓai! Sau uku ya maimaitu!"

10/
Alƙalin wasa dattijo ne mai sanyin magana. Ya zo ya kalli allon, ya kalli agogo, ya ce: "Samari, yanzu wa ke da taku?" Na ce shi. Ya ce: "To ai bakin magana ba a wurinka yake ba. Mai taku shi ke neman canjaras. Ka riga ka taka, ka danna agogo." Wallahi na ɗauka zolayata yake yi.

11/
Ya juya ya tambayi abokin karawata ko ya yarda da canjaras, domin a doka duk wanda ya nemi canjaras ta wannan hanya kamar ya yi tayi ne. Mutumin ya girgiza kai, ya kai ruk ɗinsa wani gida dabam. Shi ke nan, zubin ya sauya. Damar da ta zo hannuna ta wuce ina kallo.

12/
Bari na tsaya nan na faɗi dokar, don a nan yawancinmu 'yan waya muke faɗuwa. Dokokin ches na duniya hukumar FIDE ce ke rubuta su, kuma maganar canjaras tana sashe na 9. Maimaituwa sau uku ba ta tsayar da wasa da kanta. Haƙƙi ne da doka ta ba ka, amma sai ka nema, kuma sai lokacin da taku yake hannunka.

13/
Hanya biyu ce. Ta farko: abokin karawarka ya taka, takun nasa ya kawo zubin karo na uku. Kada ka taɓa komai. Tsayar da agogo, kira alƙali. Ta biyu: takunka ne zai kawo shi. Nan sai ka RUBUTA takun a takardarka, kada ka buga shi a allo, ka tsayar da agogo, ka gaya wa alƙali niyyarka.

14/
Da zarar ka taɓa ɗan wasa da niyyar motsa shi, damar neman canjaras a wannan takun ta faɗi. Taɓawa kawai, ba sai ka ajiye ba. Kuma ku lura, a ƙa'ida an hana rubuta taku kafin a buga shi. Neman canjaras yana cikin 'yan wuraren da doka ta ce rubutu ya riga hannu.

15/
Mu koma zauren. Alƙali ya yi mini wannan bayanin a gurguje, na ce to, ai yanzu na gane. Muka ci gaba. Hannuna yana rawa, rubutuna ya koma kamar na likita. Can bayan wasu taku sai na sake ganin wani zubi da nake da yaƙinin ya fito sau biyu. Na ce Alhamdulillahi, Allah ya sake kawo ta.

16/
Wannan karon na bi tsari. Na rubuta takun, ban taɓa komai ba, na tsayar da agogo, na kira alƙali cikin ladabi. Ya kawo wani allo, muka sake jera wasan daga takardunmu, taku bayan taku, mutane sun zagaye mu. Na hango kyaftin a bayan igiya ya haɗa hannu biyu a ƙirji.

17/
Zubin ya fito kuwa, sau biyu kamar yadda na ce. Amma a na farko NI ke da taku, a na biyu SHI ke da taku. Mutumin ya zagaya da ruk ɗinsa a taku uku maimakon biyu, sai layi ya juya ban lura ba. A ido allo ɗaya ne sak. A doka zubi biyu ne mabambanta.

18/
Kafin a ce zubi ya maimaitu, sai abu uku sun cika. Kowane irin ɗan wasa mai launi ɗaya yana gidan da yake a da. Mai taku mutum ɗaya ne a duka ukun. Kuma abin da kowa zai iya bugawa bai sauya ba, har da damar musayar sarki da ruk da muke kira kasilin, da damar cin sojan da ya yi tsallen gida biyu ya gifta naka.

19/
Abin da ba a buƙata shi ne su zo a jere. Zubi zai iya fitowa a taku na 40, ya sake a na 48, ya sake a na 60, duk ana ƙirgawa. Kuma zubin allon ake dubawa, ba takun da aka bi aka iso gare shi ba. Mutane da yawa suna cewa "mun maimaita taku sau uku", alhali ba shi doka take tambaya ba.

20/
Hukuncin neman da bai inganta ba: a ƙara wa abokin karawarka minti biyu, kuma dole ka buga takun da ka rubuta. Ba ja da baya. Na buga. Shi kuma da yake saura masa 'yan sakanni, ya samu minti biyu da hutun da aka yi ana jera allo. Ya zauna ya nutsu, ya hango abin da ya kasa gani a baya.

21/
Sarkinsa ya kutsa, sojana ɗaya tilo ya faɗi. Na ƙara jan wasan kaɗan don kunya, daga baya na miƙa hannu. Biyu da rabi, ɗaya da rabi. Mun fita daga gasar. Da na rubuta takun farkon nan maimakon na buga shi, da tuni an gama, muna waje muna murna. Layi ɗaya a takarda, wallahi.

22/
A motar komawa ba wanda ya ce mini uffan, kuma da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi. Sai da muka kusa shiga gari kyaftin ya juyo ya ce: "Ƙanena, laifina ne. Na koya muku buɗe wasa, ban taɓa zaunar da ku a kan doka ba." Na ce: "Haba Yaya, ni na taɓa sarkin." Ya ce to mu raba, rabi-rabi. Ko dariyar ma kasawa na yi.

23/
A daren na sauke dokokin FIDE a waya na karanta sashe na 5, na 6 da na 9 har asuba. Abin da ya ɗan sanyaya mini zuciya shi ne gano cewa manyan duniya ma sun yi tuntuɓe a daidai inda na yi. Ba uzuri nake nema ba, amma ku ji waɗannan.

24/
Gasar cin kofin duniya ta 1972 a Reykjavik, wasa na 20. Bobby Fischer ya nemi canjaras na maimaituwa, Boris Spassky bai yi musu ba, aka sa hannu. Daga baya aka lura a karo na ukun ba mutum ɗaya ke da taku ba. Kuskurena na biyu ke nan sak. Bambancin kawai, nasa abokin karawar ya yarda, nawa ya ƙi.

25/
Sai Anatoly Karpov da Tony Miles a Tilburg ta ƙasar Holan, 1986. Karpov, tsohon zakaran duniya, ya nemi canjaras yana cikin ƙarancin lokaci. Aka nuna masa a zubin farko sarkin Miles yana da damar kasilin, a sauran babu. Neman bai inganta ba. Wasan ya ƙare canjaras ne don Miles ya amince.

26/
Yanzu doka ta biyu da ake nema da baki: dokar taku 50. In kowannenku ya yi taku 50 a jere ba a motsa soja ko ɗaya ba, ba a kuma ci komai ba, mai taku zai iya neman canjaras. Kowanne fa, wato 50 naka 50 nasa. An motsa soja ko an ci wani abu, ƙirga ta koma sifili. Tsarin neman iri ɗaya ne: rubuta, tsayar, kira.

27/
Shawara daga wanda ya sha wuya: duk lokacin da aka ci wani abu ko aka motsa soja a ƙarshen wasa, ka lura da lambar takun a takardarka. In ci na ƙarshe a taku na 62 aka yi, ka san 112 kake jira. Wanda takardarsa ta rikice zai sha wahalar gamsar da alƙali, shi ya sa rubutu mai tsabta kariya ne.

28/
Wannan dokar ba wasa ba ce. Sarki da sarauniya suna kashe sarkin da ya rage shi kaɗai cikin taku 10 ko ƙasa, da ruk 16, amma da bishop da doki yakan kai 33 ko da ba ka yi kuskure ba. Ka ɓata hanya sau ɗaya ko biyu, 50 ta cika. A 2013 a Geneva haka ta faru da Anna Ushenina tana riƙe da kambun mata na duniya, a wasanta da Olga Girya.

29/
An taɓa sassauta dokar. Bincike ya nuna akwai ƙarshen wasannin da cinsu ke buƙatar fiye da 50, sai aka ƙara wa wasu adadi. A ƙarƙashin haka Ivan Nikolić da Goran Arsović suka buga taku 269 a Belgrade a 1989, sama da awa 20, aka tashi canjaras. A 1992 FIDE ta mayar da kowa kan 50, ba togiya.

30/
To in ba wanda ya nema fa? Tun 2014 akwai birki. Zubi ya maimaitu sau BIYAR, ko an yi taku 75 kowanne ba ci ba motsin soja, alƙali zai tsayar da wasan ko kun so ko kun ƙi. Sai dai in takun ƙarshen ya kashe sarki, to kisan ne ke tsayawa. Ku riƙe: 3 da 50 kai ke nema, 5 da 75 doka ke yankewa.

31/
Akwai canjaras da ba sai an nema ba tun asali. Na farko, taku naka ne, ba a kai wa sarkinka hari ba, amma ba ka da ko taku ɗaya da doka ta yarda da shi. Wasa ya ƙare nan take. Na biyu, allo ya mutu, ba wanda zai iya kashe sarkin wani ko da an haɗa baki: sarki da sarki, ko ƙarin bishop ɗaya, ko doki ɗaya.

32/
Doki biyu da sarki a kan sarki shi kaɗai fa? Ba za ka iya tilasta kisa ba, amma allon bai mutu ba, don mai karewa zai iya yin wauta ya shiga lungu a rufe shi. Saboda haka wasa na ci gaba. In kai ke karewa, ka kiyaye lungu, ka yi ta ƙirga har 50, sannan ka nema yadda ya dace.

33/
Maganar agogo ma tana da tarko. Lokacinka ya ƙare, ka faɗi, sai dai in abokin karawarka ba shi da wata hanya ko kaɗan ta kashe sarkinka. Misali shi sarki kaɗai ya rage masa, canjaras ne. Amma yana da doki kai kana da soja, a dokar FIDE yawanci ka faɗi, don sojanka zai iya toshe wa sarkinka hanya. Wasu manhajojin waya ba haka suke lissafi ba.

34/
Shi kuma "zan yi ta ba shi cek har abada" da muke faɗa, ba doka ce mai zaman kanta ba. Kai wa sarki hari ba ƙaƙƙautawa yana ƙarewa ne a maimaituwa sau uku, ko a yarjejeniya. Ma'ana ko kana cikin bin sarkinsa da sarauniya, sai ka ƙirga zubin ka nema, ko ku ci gaba har biyar ta cika.

35/
Tayin canjaras na fatar baki ma da tsarinsa, kuma kishiyar na nema ne, shi ya sa ake rikicewa. A tayi: ka taka, ka ce "canjaras?", sannan ka danna agogo, ku sa alamar (=) a takarda. A nema: ba ka takawa sam. Kuma ba a damun mutum da tayi kowane taku, alƙali zai iya hukunta ka a kan haka.

36/
Kyaftin ya gama makaranta, yana bautar ƙasa yanzu. Kafin ya tafi ya miƙa mini allunan nan biyu, ya ce sharaɗinsa ɗaya: duk sabon shiga, kafin a koya masa wata dabara, a zaunar da shi a kan sashe na 9. Haka muke yi duk Asabar. Har wasan kwaikwayo muke yi, ɗaya alƙali, ɗaya mai nema, sauran suna kama kuskure.

37/
Watan jiya a gasar cikin gida na haɗu da wata 'yar aji ɗaya. Na rage da bishop da doki, ita sarki kaɗai. Na yi ta kora, ina kai ta lungun da ba shi ba, tana zillewa. Can sai na ga ta ajiye hannu, ta yi rubutu, ta tsayar da agogo, ta ce wa alƙali: "Malam, takun da na rubuta shi ne na 50."

38/
Aka ƙirga, daidai cif. Ta kalle ni ta ce: "Yaya, ka yi haƙuri, kai ka koya mana." Haushi ya kama ni, ba zan ɓoye ba, rabin maki ne ya sake suɓuce mini. Amma na sa hannu ina murmushi. Tun daga ranar nake zama da bishop da doki kullum kafin na kwanta. 😅

39/
In za ka je gasarka ta farko, ga abin da zan roƙe ka da shi. Ka ga canjaras ya zo, ka janye hannunka daga allo tukuna. Duba wa ke da taku a kowane zubi. Rubuta takunka. Tsayar da agogo. Kira alƙali. Ka tura wa abokinka ɗan waya wannan zaren kafin ya je ya yi irin tawa. Mu kuma muna shirin gasar bana, a sa mu a addu'a.